Ɗari Har da Uku, In Ji Jauro

Jauro, yarona. Ina gajiya, ina shanu, ina kuma gwiwar nan ta hagu da na ji ana gasa maka da ruwan zafi sai dare ya raba, don kada mutanen ruga su gani? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya tsegunta mini. A ƙasar Arewa Bafulatani ba ya faɗuwa Ba'are bai ji ƙarar ba.

Ina zaune a tashar Dogondutsi labarin ya iske ni. Wai ka sayar da bijimin nan mai tozo, wanda ka shekara huɗu kana yi wa kirari, ka aika Yamai aka sayo maka keken tsere na gwanjo, mai tayoyi sirara kamar igiyar guga, da kai a lanƙwashe kamar ƙahon ragon layya. Ban ce uffan ba, dukiyarka ce. Abin da ya hana ni barci shi ne ci gaban labarin. An ce kullum bayan la'asar sai ka jingine keken a teburin mai shayi a Sukukutane, ka zaro salula daga aljihu, ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya kana nuna musu lamba, kana rantsuwa cewa a gangaren bayan gari ka yi gudun kilomita 103 a awa. "Ɗari ta cika har da uku," haka aka ce kana faɗi, kana gyara zaman malfa. Har mai shayi ya daina karɓar kuɗinka.

To, ka san hakkina ne in tanka. Wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani ya girmi kakan kakanmu, kuma tun shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin abubuwan gadon ɗan'adam. In maganata ta yi maka zafi, ka hau keken ka kai ƙara ofishinsu a Paris. Da gudun 103 ba za ka daɗe a hanya ba.

Mu fara da shaidarka, wato salula. Ita wannan aba ba ta ganin tayar kekenka, ba ta jin iska. Taurarin ɗan'adam take saurare, kusan kowane sakan ta ƙiyasta inda kake, sannan ta duba tazarar da ke tsakanin inda ta gan ka ɗazu da inda ta gan ka yanzu, ta raba da lokaci. Ƙiyasin nan kuwa yana da kuskure na 'yan mitoci ko da rana tsaka a fili, balle ta shiga aljihun 'yar shara, ta haɗu da goro da wuƙa da tocila, kana bin gindin tsauni. Wani lokaci sai ta ɓata, ta farga, ta yi tsalle guda. In ta yi tsallen mita 20 a cikin sakan ɗaya, ta ƙara maka kilomita 72 a awa kyauta. Yanzu ɗauki tsinke ka zana a ƙasa: cire 72 daga 103. Saura 31. Ka ga gudunka ke nan, Jauro, kuma ban raina ba, jakin amalanke bai kai haka ba. Lambar nan ta "gudu mafi yawa" ita ce babbar maƙaryaciya a cikin duk lambobin da salula ke nunawa, kuma ita kaɗai ka ga damar haddacewa.

Na san za ka ce Ba'are ne, hassada ce. To bari in kira mushenmu na lakwal, wanda ya koya mana lissafin faɗuwar dutse lokacin kai kana bayan maraƙa. Ya ce duk abin da ya gangaro ba tare da an tura shi ba, iyakar gudunsa tana ga tsawon tudun da ya sauko. Gangaren nan naka na san shi, na ci ƙasarsa, zan ba ka labarin nan gaba. Mu ce tsayinsa daga sama zuwa ƙasa mita 20 ne, na yi maka gyara kamar yadda 'yan matanku ba sa yi mana a ƙwaryar nono. Da za a ɗauke ka kai da keken a sako ku daga sama tsaye, babu iska, babu hanya, babu komai, gudun da za ku iso ƙasa da shi bai wuce kilomita 71 a awa ba. Kafin ka ga ɗari sai ka faɗa rijiya mai zurfin kusan mita 40, gaba ashirin da biyu ke nan. Arewa ba ta rasa rijiyoyi masu zurfi ba. In kana son ɗarinka ta gaskiya ka yi magana, mu za mu riƙe agogo daga baki.

Ko ka ce da ƙafa ka ƙara? Mu duba wannan ma. Babban faifan gaba na irin kekenka haƙora 50 gare shi, ƙaramin na baya 11. Zagayen taya kuwa kimanin mita 2.1 ne. Ke nan duk juyin feda ɗaya yana kai ka mita tara da rabi. Kafin ka cika ɗari sai ka juya feda sau 175 a minti, kusan sau uku a sakan guda. Da waɗannan ƙafafu naka masu kama da karan dawa? Na yarda gudu gadonku ne, kakanninku da sun ji an ce ga masu jangali sai a wayi gari ruga ta zama kufai. Mu da kakanninmu suka tari sojojin mulkin mallaka na Voulet da Chanoine da kibau a Lugu a 1899 ba mu gaji gudu ba, shi ya sa muka ƙware a auna na wasu.

Akwai masu taɓa ɗari a kan keke, ban musa ba. Amma ka dubi inda suke yi. A gasar Tour de France ta 2022 wani yaro ɗan Ingila, Tom Pidcock, ya gangaro daga mashigin Galibier, wanda tsayinsa ya kai mita 2,642, yana wuce manyan mahaya a kwana kamar an dasa su, ya je ya ci tseren ranar a Alpe d'Huez. Duniya ta yi ta kallon hoton. Sai dai gangaren nasu kilomita goma sha wani abu ne a jere, kwalta sumul, an rufe hanya, jandarmomi sun tsare kowace mararraba. Babu akuya, babu amalanke, babu yarinya da tallan ƙosai, babu Bafulatani da garke yana tsallaka hanya a natse kamar ubansa ne ya shimfiɗa ta. Kai kuwa naka gangaren kafin ka gama bisimilla ya ƙare. Ko Tozon Bijini na Dogondutsi aka kai Galibier, sai yaran garin su ɗauka suri ne.

Yanzu ga yadda ake awo na mutunci, kuma ba ya cin ko dala. A samo igiyar guga a auna ta da tef ɗin tela, a je ƙasan gangare inda gudu ya fi nuna, a auna mita 100 daidai. A aza dutse a farko, a aza a ƙarshe. Yaro ɗaya ya tsaya a dutsen farko da jan ƙyalle a sama, tayarka ta gaba na taɓa layin ya sauke hannu. Ni ina dutsen ƙarshe da agogon salula, ina ganin ƙyalle ya sauka in danna, kana wuce ni in sake dannawa. Sai a raba 360 da yawan sakan ɗin da aka samu, abin da ya fito shi ne gudunka a awa. Sakan 12 ya ba ka 30. Sakan 9 ya ba ka 40. Sakan 8 ya ba ka 45. Ɗari da ukunka kuwa tana bukatar sakan uku da rabi, wato kafin yaron ya gama sauke hannu ka iso gabana. Kuma ka riƙe wannan a ranka: Usain Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009, daga tsaye, a fili, da ƙafar da Allah ya ba shi. In agogona ya nuna 10, to mutum a ƙasa ya fi ka, kai da bijimin da ka sayar.

Ba sau ɗaya ake yi ba. A yi uku a ɗauki na tsakiya, domin babban yatsana ma yana iya makara da ɗan ƙiftawar ido. A kuma lura da iska. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, in tana bayanka za ta ba ka aron gudun da ba naka ba, in tana gabanka ta ƙwace har wanda ka zo da shi. Safiya kafin ta tashi ita ce lokacin gaskiya. In kuwa kana son abin da za ka riƙa kallo a kan keke, akwai ɗan ƙaramin agogo da ake ɗaurawa, mai maganaɗisu a jikin wayar taya, yana ƙirga juyinta. Ya fi salula amana, muddin an gaya masa girman tayar daidai. Sai ka sa bawul a ƙasa ka yi zane da gawayi, ka hau keken yaro ya tura ka har bawul ya dawo ƙasa, ka sake zane, ka auna tsakani. Na san halinka, za ka gaya masa 2.5 maimakon 2.1 don ya riƙa yi maka kirari. Ni zan sa lambar da hannuna.

To yaya za a yi 31 ɗinka ta zama 40? Ga shawara kyauta, ko da yake Bafulatani bai san kyauta ba sai ta karɓa.

Babban abokin gabarka iska ne. In gudu ya ninka biyu, turin iska ninkawa huɗu yake yi, shi ya sa kowane gangare yake da iyakar da keke ba ya wucewa komai tsawonsa. Kai kuma aka ce yadda kake sauka abin kallo ne: riga ta cika da iska ta kumbura kamar tantin biki, malfa ta koma ƙeya igiyarta na shaƙe ka, gorar fura na lilo a kafaɗa, ga sanda a gicciye a baya don kada a ce ka bar gado. Jauro, da wannan shiri ba gangarowa kake yi ba, shanya kake yi. Masu tsere matsattsun kaya suke sawa, su kama ƙasan lanƙwasar kan keke, su matse gwiwar hannu a jiki, su haɗa gwiwoyi da ƙarfen tsakiya, su sauke haɓa har ta kusa taɓa kan keken. Ka tuɓe rigar ka ɗaure ta a ƙugu, ka bar sandar wurin mai shayi, ba wanda zai sace ta. Wannan kaɗai zai ba ka abin da man giris na jikka goma ba zai ba ka ba.

Har malaman jami'a sun shiga maganar. A Tour de France ta 2016 Chris Froome ya sauka daga sirdi ya zauna a kan ƙarfen tsakiya, ƙirji a kan keke, yana juya feda a haka, ya gangaro daga Peyresourde ya ci tseren. Kowa ya ce ya gano asiri. Sai wani farfesa, Bert Blocken, na jami'o'in Eindhoven da Leuven, ya gwada zaman iri-iri a kwamfuta da ɗakin gwajin iska, ya tarar zaman Froome ba shi ne ya fi yanka iska ba, na Peter Sagan da ke ja da jiki baya ya fi shi. Ana cikin haka hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta zama a kan ƙarfen gaba ɗaya daga 1 ga Afrilun 2021, don gudun haɗari, kada kuma yara su kwaikwaya su karye. Shekara na zagayowa wani ɗan Sulobeniya, Matej Mohorič, ya zo da sirdi mai sauka ƙasa in an danna, ya gangaro tudun Poggio da shi ya lashe tseren Milan zuwa San Remo na 2022. Kada in ji ka ce za ka gwada ko ɗaya daga ciki. Na ba ka labari ne don ka samu abin faɗi a teburin shayi wanda ba ƙarya ba.

Sai maganar nauyi, kuma a nan ne tausayinka ya kama ni. A gangare mai jiki ya fi siriri gudu, domin nauyi ne ke jan mutum ƙasa, iska kuwa faɗin jiki take turawa, kuma nauyi ya fi faɗi saurin ƙaruwa. Kai da in ka juya gefe sai a neme ka a rasa, me tudu zai ja? Shekara arba'in kana shan farau-farau kana cewa ka ƙoshi, saboda kunyar ci a gaban mutane. Ka zo gidana wata guda ka ci tuwon hatsi da miyar kuka, da wake, da dankalin turawan da ake nomawa a gefen Dogondutsi, in rufe maka ƙofa kada kowa ya gani. Ko kuma ka karɓi abin da Allah ya ba ka, don sirara hawa ne nasu. Ranar da muka juya muka fuskanci tudun za ka bar ni a baya ina haki, na sani, shi ya sa ba zan yarda a auna wannan ba.

Tayar ma an cuce ka. Siririyar taya da aka bunƙa wa iska ta yi tauri kamar ƙarfe ta kwalta ce. A jar hanya mai gargada tsalle take yi, kuma duk tsalle gudu ne ya zube. Mai ɗan faɗi, da iska daidai wa daida, ta fi ta sauri a irin hanyarmu, ta fi kama ƙasa, ta fi jure tsidau. Mai faci ya ce tun da ka sayi keken nan ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Na yi maka alkawarin labarin ƙasar da na ci. Ina ɗan shekara goma sha huɗu, baba ya aike ni kasuwa da kaji shida a ɗaure a bayan baƙin kekensa. Robobin birki sun cinye tun bara, kowa a gida ya sani, dabarar ita ce ka ɗora silifa a kan tayar gaba ka danna. Na hau kan gangaren nan na saki feda, iska na kaɗa mini kunne, kaji na kuka, ni kuwa ina jin kaina sarkin duniya. Can ƙasa inda ruwan damina ya tara yashi sai ga tunkiya da 'ya'yanta biyu. Na kai ƙafa, taya ta fizge silifan ta cusa shi a maƙogwaron ƙarfe, keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na farka a cikin ƙayar aduwa, bakina cike da jar ƙasa, kaji uku sun shiga sabara ba a sake ganinsu ba. Ka san wanda ya ciro ni? Baffa, mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Sai da ya dogara sanda ya yi dariya har hawaye, ya ce ashe Arawa ma na tashi sama, sannan ya zaunar da ni a inuwar kalgo, ya zare ƙayoyin ɗaya ɗaya da hantsakin da ke rataye a wuyansa, ya ba ni nono a ludayi, ya saɓa keken a kafaɗa har ƙofar gidanmu. Tabon na nan a haɓata, ƙarƙashin zanen gado.

Saboda bashin Baffa nake gaya maka wannan ba da wasa ba. Wanda ya iya birki shi ne ya iya gangara. Ana rage gudu tun kafin a shiga kwana, keke na miƙe, in an shiga sai a saki. Birkin gaba ya fi ƙarfi, amma a tsakuwa in ka damƙe shi tayar za ta zame, don haka a matsa biyun a hankali, a ja ɗuwawu baya. A kwana fedar waje ce take ƙasa, ka taka ta da nauyinka. Idonka ya tafi inda kake son bi, domin duk wanda ya zuba wa tunkiya ido tunkiya zai buge. A gudun 40 kana cin mita 11 duk sakan, kuma sakan guda kan wuce kafin hannu ya ji saƙon ido. Tazarar tsayawa ita ma ninkawa huɗu take yi in gudu ya ninka biyu.

Waɗanda suka fi ka keke da hanya da likitoci sun rasa rai a wannan harka. Fabio Casartelli na Italiya, wanda ya ci zinariyar Olamfik a 1992, ya faɗi a gangaren Portet d'Aspet a Tour de France ta 1995, kansa ba hula, ya mutu yana da shekara 24. Sai a 2003 aka tilasta wa masu tsere sa hular kwano. Da hular ma, Gino Mäder ya rasu a watan Yunin 2023 bayan ya faɗi a gangaren Albula a ƙasarsa Suwizalan, yana da shekara 26. Su motar asibiti na biye da su. Kai in ka faɗi, amalanke ce za ta kwashe ka. Malfa maganin rana ce, kuma ka ji daga bakin Ba'are, mu da ake ce mana masu asiri: duk ƙasar Arewa, daga Matankari har Bagaji, babu layar da ke hana kai fashewa in ya haɗu da marmara.

Ban ce ka jingine keken ba. Tun 1987 maƙwabtanmu na Burkina ke gudanar da Tour du Faso, Biniam Girmay na Eritiriya ya ci tsere uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024, a 2025 kuma aka yi gasar duniya a Kigali. Yaran Sukukutane da ke bin ka a guje suna ihu, wataƙila a cikinsu akwai wanda zai kai can, in ya tarar da babba mai auna gudu da igiya da agogo.

Saboda haka ga sharaɗi. Bayan an gama girbi, ranar kasuwa da sassafe, mu haɗu a ƙasan gangaren. Ni zan zo da igiya da jan ƙyalle da yara biyu, mai shayi ne alƙali. In ka yi ƙasa da sakan 9, zan yanka maka zakara in kira ka Ardo a gaban jama'a. In ka wuce 9, ƙwaryar fura da kindirmo ba tsarki, da kuɗin sharata na shekara uku da kake ta ɓoye mini duk watan cika-ciki. Hular kwano na riga na saya maka a Dogondutsi, tana wurin direban da ke shigowa ranar kasuwa. In ka zo ba ta kanka, ba zan danna agogo ba.